Ba Ƙyallen Mama Ba Ne, Ni Na Juya Fankar

Salama gare ki Anti mai kula da wannan fili, da dukan masu karatu, Musulmi da Kirista. Ina gaishe ku da haƙurin sauraron damuwar mutane. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk sunayen da zan ambata canza su na yi, saboda Sabon Gari ba ta da girma ga wanda ya san mutane. Abu ɗaya nake roƙo kafin in fara, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ba wanke kaina na zo yi ba. Na san abin da na yi, wanda zan gaya wa ne na rasa.

Ni budurwa ce, Kirista, ɗaliba a jami'a a nan Samaru, ina ajin ƙarshe. Iyayena suna can kudancin Kaduna. Lokacin da na zo Zariya ban san kowa ba sai wata ƙawar mahaifiyata da zan kira Mama Saratu, wadda take zaune a Sabon Gari da mijinta Baba Ayuba. Kafin in sami ɗaki a makaranta a gidansu na zauna, na ci, na sha, ban taɓa jin an nuna mini ni baƙuwa ce ba. Har yau in Mama za ta gabatar da ni sai ta ce, "Ga 'yata ta jami'a." Ita ce take kula da ofishin cocinmu, tana buga tsarin sujada da sanarwa a kwamfuta da yatsu biyu, a hankali, amma ba ta kuskure. Shi kuma Baba Ayuba tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma shi ne ya tsara yawancin waƙoƙin da mawaƙan cocinmu suke rerawa tun kafin a haife ni. Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Duk a kansa suke, wasu da Hausa, wasu da yarensu na gida wanda matasan yanzu ba sa ji sosai.

A wani dogon yajin aiki da aka yi a jami'a, maimakon in koma ƙauye sai na roƙi wani Ibo mai shagon gyaran kwamfuta a unguwar PZ ya bar ni in koyi aiki. Ya yi dariya da farko, daga baya ya yarda. Na koya kuwa, kuma na so aikin fiye da karatun da nake yi. Saboda haka da matasan coci suka kawo shawarar a ɗauki muryar Baba Ayuba a ajiye tun yana da ƙarfinsa, ni aka ɗora wa aikin. Kwamfutar ofis tsohuwa ce, irin ta kan tebur, wani ne ya gama amfani da ita ya ba coci kyauta. Na haɗa mata makirufo, duk Asabar da yamma Baba ya zo ya zauna ya gyara murya ya rera. In ya gama waƙa sai ya ba da labarinta, wannan ya tsara ta ne ranar da ɗansu na fari ya rasu, waccan kuma a cikin jirgin ƙasa ta zo masa. Watanni muka yi muna wannan aiki. Niyyarmu in an sami na'urar da take kwafa a faifan sidi sai mu kwashe mu raba wa mutane, amma kwamfutar ba ta da ita, aka ce a bari sai bayan Ista. Ma'ana duk abin da muka ɗauka wuri ɗaya yake, a cikin rumbun ajiyar kwamfutar, abin da masu gyara suke kira had-dis.

Ana cikin haka wata rana kwamfutar ta ƙi tashi. Na duba na ga fawa-fak ne ya mutu. Ga wanda bai sani ba, wani ɗan akwatin ƙarfe ne a can sama ta bayan kwamfuta, shi yake karɓar wuta ya rarraba wa sauran kayan ciki. Na ce zan canza shi. Nan fa wani dattijon ikilisiya mai kula da kayan coci, zan kira shi Dattijo Bulus, ya ce sam. A gabana ya ce wa Fasto, "Yanzu duk masu gyaran da suke PZ a rasa wanda za a kira sai yarinya mace? Danna madanni daban, kwance inji daban." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama Saratu ce ta miƙe ta ce, "Baba Bulus, ni na tsaya mata. In wani abu ya lalace a tambaye ni." Ku riƙe wannan maganar tata, don ita ce take cin raina har yanzu.

Na je wurin ogana a PZ na samo wani fawa-fak na hannu mai kyau. Da na gwada shi sai na ji fankarsa tana ƙara kamar injin markaɗe. Na san in na bar ta haka duk waƙar da za mu ɗauka da ƙarar za ta fito. Fankar tsohon kuwa lafiyarta lau, shiru take aiki. Sai na ce bari in cire mai ƙarar in ɗaura tsohuwar a cikin sabon. Aiki ne mai sauƙi, na sha yin sa a shago. Abin da ya kamata ku gane shi ne, fankar nan ba ado ba ce. Aikinta ta zuƙo iska mai zafi daga cikin kwamfuta ta watso ta waje ta baya. A irin tsohuwar kwamfutar nan ma ita kaɗai ce take fitar da zafin. A gefenta akwai 'yar kibiya da take nuna inda iska za ta bi, dole kibiyar ta kalli waje. In aka juya ta, to zafin da fawa-fak yake yi da kansa ma sai ta hura shi ciki, kan ƙwaƙwalwar kwamfutar da kan rumbun ajiya. Wannan yana cikin abubuwan farko da ogana ya koya mini.

Ranar Asabar na yi aikin, a ofishin coci, kuma ban yi shi ni kaɗai ba. Fasto yana tsaye, Mama tana riƙe mini notina a tafin hannunta, Baba Ayuba yana zaune yana jira a gama ya rera, Dattijo Bulus kuma ya jawo kujera har kusa da ni ya harɗe hannu yana kallon duk motsina. Gumi yana shiga idona. Ban kalli kibiyar ba. Wallahi ban kalla ba, hankalina duk yana kan kada sukudireba ta suɓuce mini a gaban mutumin nan. Na ɗaure, na rufe, na danna. Kwamfuta ta tashi shiru kamar ba a kunna ba. Mama ta rangaɗa guɗa a cikin ofis. Dattijo Bulus ya gyaɗa kai ya ce, "To, na janye maganata. Injiniya, sannu da aiki." Fasto ya ce mu rufe ido mu yi godiya.

A cikin addu'ar nan ne, idona a rufe, na kai hannu bayan kwamfutar kamar yadda na saba, don in ji iska. Ban ji komai yana bugun tafina ba. Da aka ce amin, mutane suna ta surutu, na yagi 'yar takarda na kai bakin ragar fankar. Da daidai na ɗaura, da takardar ta yi waje tana kaɗawa. Sai ta manne a jikin ragar. Iska ciki take shiga. Na juya fankar.

Anti, me zai hana in ce, "Ku dakata, akwai abin da zan gyara"? Aikin da ba zai kai a tafasa ruwan shayi ba? Amma mutumin da ya rena ni yanzun nan ya kira ni Injiniya. Mama tana ta kallona tana murmushi kamar ita ta haife ni. Fasto ya riga ya yi godiya ga Allah a kan aikin. In sake ɗauko sukudireba in ce na yi kuskure? Na dunƙule takardar na jefa a jaka. Na ce a raina zan dawo cikin mako, lokacin da ba kowa, in juya ta. Baba ya matso kusa da makirufo ya fara waƙa, ni kuma na zauna ina murmushi.

Ban dawo ba. Zan iya ce muku jarrabawa ce ta matso, kuma gaskiya ta matso. Zan iya ce muku daga Samaru zuwa Sabon Gari sai an hau bas, kuma makullin ofis a hannun Mama yake, in na ce ta buɗe mini za ta tambaye ni dalili. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Kunya ce. Duk Asabar ina zuwa ɗaukar waƙa da sukudireba a jakata, duk Asabar sai in ga akwai mutane in ce sai wani makon. Har na fara yi wa kaina huɗuba, ai iska iska ce, ko ciki ta shiga ko waje ta fita ai tana motsi, ai ga shi tana aiki lafiya. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Ga shi bazara ta shigo, ofishin rufin kwano ne, ba silin. In na taɓa jikin kwamfutar sai in ji kamar murfin tukunya.

Sai ta fara kashe kanta. Mama ta kira ni a waya ta ce, "'Yata, abin nan naki ina cikin bugu sai ya ɗauke. Ko na taɓa wani wuri ne?" Na ce, "A'a Mama, zafin gari ne. In ya ɗauke ki bar shi ya huta." Kun ji? Allah ya ba ni gargaɗi ta bakinta, na mayar mata da zafin gari. Ko a lokacin nan, da na ce ta buɗe mini ofis na je na juya fankar, da yau ba ku karanta wannan wasiƙa ba.

Akwai wani abu game da Mama da ya kamata in gaya muku. Tana saƙa da ƙwarashi. Komai na gidanta yana da mayafinsa, talabijin, rediyo, har filas ɗin shayi. To ta saƙa wa kwamfutar ofis wani farin ƙyalle mai furanni ta shimfiɗa a samanta, gefe da gefe ya ɗan sauko. Bai rufe baya ba, bai rufe gaba ba, saman akwatin kuwa ba shi da ko huda ɗaya. Na gan shi tun ranar da ta kawo shi, har na yaba mata. Ƙyallen nan bai hana komai shan iska ba.

Mako guda bayan Ista abin ya faru. Mama tana buga sanarwa da rana sai ta ji ƙauri, allon ya yi baƙi. Aka aiko a kira ni. Ina shiga ofis na tarar da Fasto da Dattijo Bulus da wasu dattawa, Mama tana tsaye a gefe ta riƙe haɓa. Na buɗe kwamfutar. Na cire rumbun na jona a wata kwamfutar da wani ɗan'uwa ya kawo, sai wata 'yar ƙara yake yi, ƙas, ƙas, ƙas, ba ya nuna komai. Na san me wannan ƙarar take nufi. Daga baya an kai wa ogana, an kai har Kaduna, kowa ya ce ya tafi ke nan.

Fasto ya tambaye ni a hankali, "'Yata, me ya jawo haka?" Na ce zafi ne ya yi masa yawa. Dattijo Bulus ya ce, "Zafi kuma? Ba fanka ce a ciki ba?" Fankar tana nan a gabansu, a juye, kibiyarta tana kallon ciki, babu dai wanda ya san abin da zai duba. Sai idonsa ya faɗa kan ƙyallen da na ajiye a kan tebur. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce, "Wannan fa? Ba zai hana shi numfashi ba?"

Hanya ce ya buɗe mini, ni kuma na bi ta da gudu. Na ce, "Zai hana, Baba. Shi ne ma."

Mama ta dube ni ta ce, "Amma 'yata, ai kin gan shi, ba ki ce mini komai ba." Anti, a nan ne na yi abin da ya fi juya fankar muni. Na dubi matar da ta ciyar da ni, na ce, "Na gaya miki Mama, wataƙila kin manta ne." Ta shiga neman ranar a cikin kanta, ranar da babu ita. Can ta ce, "Wataƙila. Kai, tsufa." Ta karɓi ƙyallen daga hannun Dattijo Bulus ta ninke shi ƙanana ta sa a jaka. Shi kuma ya ce, "Ai ga irinta nan. Yarinya ta yi aikinta tsaf, an zo an lulluɓe da kwalliya." Ni da ya rena, yau ni yake karewa, da ƙaryata.

Ban tsaya nan ba. Na ce zan tafi da fawa-fak ɗin in bincika. Na kai shi ɗakina a Samaru, na kulle ƙofa, na kwance shi, na juya fankar daidai, na mayar, don ko wani mai gyara ya duba kada ya gane. Aikin da na yi makonni ina cewa ban sami lokacinsa ba, ranar nan kafin abokiyar ɗakina ta dawo daga ɗibar ruwa na gama shi. Wace irin mutum ce take samun lokacin ɓoye laifi amma ba ta sami lokacin gyara shi ba?

Da farko na ɗauka abin zai wuce. Baba Ayuba da aka gaya masa dariya ya yi. Ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Waƙa tana nan ciki, inji ne ya mutu ba ni ba. Saratu, daina kuka. A samo wani sai mu sake, wannan karon ma zan fi gyara murya." Na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan, za mu sake ɗauka, kowa ya manta, ni kuma in tuba tsakanina da Allah.

Kafin damina ta kankama Baba ya faɗi a tsakar gida yana wanke fuska da safe. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rayu, mun gode wa Allah, amma bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Mawaƙa sun iya waƙoƙinsa da aka saba rerawa, waɗannan ba su ɓata ba. Amma tsofaffin, da na yarensu, da waɗanda ya ce bai taɓa rera wa kowa ba sai a gaban makirufon nan, da labaran da yake bayarwa, da dariyarsa a tsakanin waƙa da waƙa, duk sun tafi. Wani lokaci in na je gaishe shi sai in ji yana gunjin wata waƙa a maƙogwaro, yana buga yatsun hannunsa mai lafiya a kan gwiwa, ya kai wani wuri ya buɗe baki kalmar ta ƙi zuwa. Sai ya juya fuska bango.

Mama kuwa ba ita ba ce yanzu. Ta ajiye aikin ofis, ta ce ba ta cancanta ba. Na je gidan na tarar ta kwashe duk mayafan da ta saƙa, talabijin tsirara, rediyo tsirara, ƙwarashin ma ban sake ganinsa ba. A zumuntar mata ta koma zama a baya. Na ji da kunnena wata tana cewa, "Ai son kwalliya ne ya ja mata." Ɗansu da yake aiki a Abuja ya zo duba mahaifinsa, ya ce a ba shi ko waƙa ɗaya ya tafi da ita 'ya'yansa su ji muryar kakansu. Da aka ba shi labari ya ce, "Haba Mama! Muryar Baba kika binne da tsumma?" Ina ɗakin girki ina jin su. Ina riƙe da ludayi. Ban fito ba.

Ni fa? Ni ce tauraruwa. An samo wata kwamfutar an damƙa mini kula da ita. Yara a coci Anti Injiniya suke kirana. Dattijo Bulus da kansa ya kawo 'yarsa ya ce in koya mata, wasu 'yan mata ma sun biyo ta, duk Asabar suna zuwa da littattafansu. Abin da na fara koya musu shi ne su duba kibiyar fanka kafin su ɗaura, ina faɗa suna rubutawa. Tun daga lokacin ban sake cin jibin Ubangiji, gurasar tarayya da ake rabawa a coci, ba. In an fara rabawa sai in fita kamar fitsari ya matse ni. Amma duk Lahadi bayan sujada gidan Mama nake zuwa, ta zuba mini tuwo, ta tsamo mini nama, in taya ta ba Baba abinci a baki. Baba yakan kama hannuna ya yi ta ƙoƙari har ya ce, "Na... gode." Yana gode mini a kan watannin da na yi ina ɗaukar muryarsa.

Na taɓa gwadawa sau ɗaya. Muna wanke-wanke a bakin famfo na ce, "Mama, maganar kwamfutar nan, ba lallai ƙyallen ne..." Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, "Kada ki lallashe ni 'yata. Kin gaya mini, ban ji ba. Ki bar ni in ɗauki kayana." Na ci gaba da cuɗa kwano.

Wani lokaci nakan ce wa kaina, ai rumbun tsoho ne, wa ya sani ko da fankar tana daidai ma zai mutu? Mai yiwuwa. Ba ni da tabbas, kuma ba zan taɓa samu ba. Amma ko da haka ne, wa ya tilasta mini in ce ƙyallen ne? Wa ya sa ni in ce na gaya mata? Kuskuren hannu kowa yana yi, ogana ma na ga ya ƙona kayan mutane ya ba da haƙuri an wuce wurin. Abin da bakina ya yi shi ne ba ni da inda zan ajiye shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne abin da ya faru Lahadin da ta wuce. Bayan mun ci abinci Mama ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce ta je wurin Fasto ta roƙi a ba ta dama ranar Lahadin ƙarshen wata ta tsaya a gaban ikilisiya ta nemi gafara. Fasto ya ce mata ba sai ta yi ba, ai ba zunubi ba ne, kuskure ne, amma ta nace. Ta ce za a kawo Baba a kujera, tana so ta durƙusa a gabansa a gaban kowa, wataƙila in ta yi haka ta sami sauƙi a ranta. Sai ta kama hannuwana biyu ta ce, "Ina so ki tsaya kusa da ni. In na gama ki yi wa mata bayani yadda abin yake, don kada wata ta sake yin wautar da na yi. Ke kaɗai ce tun da abin nan ya faru ba ki taɓa yi mini kallon zargi ba."

Na ce mata to. Anti, to na ce.

Yanzu kwanaki suna tafiya. In na yi shiru, tsohuwar da ba ta yi komai ba za ta durƙusa a gaban jama'a, ni kuma in miƙe a cikin ɗakin Allah in maimaita ƙaryata da makirufo. Wannan ba zan iya ba, na san ba zan iya ba. In kuma na faɗa, wa zan fara gaya wa? Mama ita kaɗai a ɗaki? Na san halinta, tana iya cewa in rufe bakina ta ci gaba da ɗauka don ta kare ni, ni kuma ina tsoron zan yarda. In je wurin Fasto? Ko in bari sai ranar, in ta miƙe in riga ta magana, tunda a gaban mutane na shafa mata, a gaban mutane ya kamata in wanke ta? To Baba fa, da jininsa yake hawa, zai iya ɗaukar wannan a bainar jama'a? Mahaifiyata fa, da wane ido za ta kalli ƙawarta? 'Yan matan da nake koya wa aiki, ba za a ce ga abin da ake gudu ba, a kwashe su? Ko duk waɗannan tambayoyin wata sabuwar hanyar cewa sai wani makon ce nake nema?

Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Iyaye mata da ke karanta wannan fili, in 'yar da kuka riƙa ce ta yi muku haka, ta yaya za ku so ku ji? Ƙarshen wata ya kusa, Mama har ta kai zanen da za ta ɗaura wurin guga. Don girman Allah, me zan yi?